Ranar da na ɗinke dangina

Babbar sallar da ta wuce ni na ɗauko wa kaina Dala ba gammo. Dangi kaf sun hallara gidan kakarmu a cikin birnin Kano, mun haura mutum 40, wayata ta ƙi cinye mu a hoto ɗaya duk da na ja baya har na manne da katanga, sai kawai na ce kowa ya jeru zan yi musu fanorama, irin hoton nan da ake ɗauka gutsi-gutsi daga baya a ɗinke a kwamfuta.

Ni fa na yi karatuna a YouTube. Kowane hoto ya hau kan na bayansa da kamar kashi ɗaya cikin uku, wayar za ka juya a waje ɗaya kar ka bi ta da jiki, sannan ka kulle haske kar wani ya yi duhu wani ya yi fari. Duk na kiyaye, hoto 9 na ɗauka. Amma wa zai hana danginmu motsi ranar suya?

Da daddare na zuba su a Hugin, manhajar ɗinke hotuna, a laftof ɗin ƙanena, aka ɗauke wuta sau biyu, da ƙyar ya gama. Na leƙa sama-sama na ga abu dogo zar, na ce shikenan. Washegari na tura wa mai buga bana ta WhatsApp na ce ƙafa 8 nake so. Ya ce yallaɓai turo shi a dokumen mana, WhatsApp matse hoto yake ya dawo da shi wajen fiksel 1600, in aka baza wannan a ƙafa 8 ko ɗigo 17 bai cika ba a inci guda, hoton kirki kuwa 300 ake so. Na ce malam kai dai buga, datata ta kusa ƙarewa.

A falon Hajiya Kaka aka warware shi gaban kowa. Wallahi kowace fuska kamar an gina ta da bulo. Kawu ya fito sau biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, ashe ina gama ɗaukarsa ya zagaya ta bayana ya koma wajen kasko, na daman ma har da tsoka a hannu. Akuyar maƙwabta da ta gifta, ƙafa shida ba kai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Matan yayana biyu anko suka yi, atamfa iri ɗaya sak, shi kuwa Hugin zane yake bi ya gane inda zai haɗa, sai ya ɗauka mutum ɗaya ce ya haɗe su, ɗaurin ɗankwalin uwargida, fuskar amarya. Falo ya yi tsit. Uwargida ta ce to ni ina nake? Yaya ya miƙe wai ana kiransa a waje, wayarsa kuwa tana kan kujera.

Kaka ta matso da tabarau ta daɗe tana duban Kawu na hagu da Kawu na dama, can ta ce ɗan nan, ni dai ɗaya na san na haifa, wannan mai naman ne nawa.

Banar tana nan a tsakar gida, an kife ta ana shanya kuɓewa. Har yau Anti uwargida da ka ta ke amsa gaisuwata.