Na'urar ruwan alkalin: mai kaya ne ke rataya wa kansa lambar yabo

Tun ranar 21 ga Oktoba, 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta fara aiki da dokar da ta haramta wa kamfani buɗe shafin tantance kaya da sunan mai zaman kansa alhali nasa ne, da tarar da za ta iya haura dala 50,000 kan kowane laifi. Amma har gobe, mutum ya nemi bayani a intanet kan na'urorin da ke mayar da ruwa alkalin, wato kishiyar mai tsami, abin da zai fara tararsa shi ne jerin "gwarazan na'urori goma na bana", kowanne da zinaren tambari a gefe. Wannan rainin hankali ne, kuma tallarsa ta iso wayoyinmu ta WhatsApp da Facebook.

A dubi irin shafin da kyau. Na'urar da ta zo ta ɗaya tana da maki 9.8 cikin 10, da maɓallin saye ja wur, da lambar waya kyauta. Sauran taran kuwa kowacce an samo mata aibu, kuma babu hanyar sayenta. Babu sunan wanda ya yi gwajin, babu ɗakin gwaji, babu bayanin irin ruwan da aka zuba. A ɗora manuni kan maɓallin saye, za a ga adireshin na ɗauke da "ref" ko "aff", alamar cewa mai shafin na da kamasho a kowane ciniki. A gangara can ƙasa a karanta ƙananan rubutun, a kwatanta lambar waya da adireshin ofis da na kamfanin da ya yi nasara. A binciki ranar rajistar shafin a WHOIS, kundin rajistar adireshin intanet, a kuma buɗe tsofaffin kwafinsa a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafuka. Idan shekara biyar a jere kamfani guda ke lashe kambun, to dillali ne ya sa rawanin alƙali.

Lambobin yabon ma haka suke. Lambar yabo ta gaskiya tana da mai bayarwa, da alƙalai masu suna, da waɗanda suka shiga suka faɗi. "Zaɓin edita" a shafin da ba shi da edita, hoto ne da aka zana a kwamfuta cikin minti goma.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne takardun gaske da ake karkatar da ma'anarsu, domin su ne ke kama mai ilimi. Rajista da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba amincewarta ba ce. Shigar da suna ne a kundi. Shaidar ISO 13485 tana magana kan tsarin aikin masana'anta, ba ta cewa ruwan na warkar da komai. Amincewar da Japan ta ba wa waɗannan na'urori a 1965 ta tsaya ne kan matsalolin ciki, irin su rashin narkewar abinci da yawan tsamin ciki. Daga nan zuwa iƙirarin masu talla na warkar da ciwon suga da daji tafiya ce da babu wanda ya tabbatar. Nazarin da Tanis Fenton da Tian Huang suka wallafa a mujallar BMJ Open a 2016 bai sami hujjar cewa ruwan alkalin na hana daji ko warkar da shi ba.

Ita na'urar ba sihiri ba ce. Faranti ne na titaniyom da aka lulluɓe da filatinom, wutar lantarki ta raba ruwan gida biyu, mai alkalin ta bututu ɗaya, mai tsami ta ɗayan. Ruwan sha kan fito da pH 8.5 zuwa 9.5 (pH ma'aunin tsami ne: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 alkalin), ya faɗa cikin tumbi mai pH 1.5 zuwa 3.5, jini kuma huhu da ƙoda sun riƙe shi tsakanin 7.35 da 7.45. Mai talla zai jera kofuna, ya ɗiga maganin gwaji, nasa ya koma shuɗi mai duhu, na famfo ya tsaya kore, jama'a su yi ta mamaki. Ɗan ƙullin kanwa a kofi zai ba da launi irin wannan.

Shafin dillali ba zai faɗi cewa raba ruwa da lantarki ba ya cire gishiri ko darma ba. Wannan aikin matata ne, kuma matatar da ke ciki ƙarama ce, sai an riƙa canza ta. Ba zai faɗi cewa ruwan burtsatse mai nauyin sinadari yana daskarar da farin ɓawo kan farantan, irin na gindin butar shayi, har ƙarfin na'urar ya ragu sai an wanke da ruwan tsami ba. Na'ura ce ta dubban daloli, kuma kamfani irin Enagic mai ruwan Kangen yana sayarwa ne ta sarƙar dillalai masu raba kamasho hawa-hawa. Inda la'ada ta kai haka, yabon da ke yawo a intanet ba kyauta ake rubuta shi ba.

Masu cewa ai kowane ɗan kasuwa yana zuzuta hajarsa sun manta cewa a kasuwa ana ganin fuskar mai zuzutawar.

Mai niyyar saye ya fara kai ruwansa ɗakin gwaji ya san me ke cikinsa. Ya ɗauki lambar samfurin ya nema da kansa a kundin NSF ko WQA, ƙungiyoyin Amurka masu tantance kayan tace ruwa, ya ga ko shaidar ta ma'auni na 42 ce, wato ɗanɗano da warin kulorin, ko ta 53 mai shafar lafiya. NAFDAC da hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, kuma su tilasta wa duk mai tallar da ya ambaci lambar yabo ya faɗi wanda ya ba shi, da shekarar da aka ba shi.