Slack ma da dariya ya fara

Malam mai rubutu, ka ce idan babban kamfani ya kwaikwayi hajar ƙarami, wai ƙaramin ya yi murna don alama ce yana kan hanya. Anya kuwa?

Ka tuna Slack, kamfanin manhajar tura saƙonni tsakanin ma'aikata. A Nuwamban 2016 da Microsoft ya sanar da Teams, manhajarsa mai irin aikin Slack, sai Slack ya sayi shafi guda cur a jaridar New York Times yana yi masa barka da zuwa, har da ba shi shawarwari cikin gatse. Ni ma lokacin abin ya burge ni. Amma Microsoft bai tsaya cacar baki ba, cusa Teams kawai ya yi cikin Office 365, tarin manhajojinsa na aikin ofis, da ofisoshi suka riga suka biya kuɗinsa. Wane akawu ne zai sake fitar da kuɗi kan abin da ya samu gyara?

Zuwa Yulin 2020 Slack ya kai ƙarar Microsoft gaban Hukumar Tarayyar Turai, a Disambar shekarar kuma kamfanin Salesforce ya sanar da sayen Slack kan dala biliyan 27.7. Kuɗi dai an samu, ban musa ba. Raba Teams da Office a Turai kuwa sai 2023.