Za a rushe gidan fatoman unguwarmu

Jiya da la'asar na bi ta tsohuwar unguwarmu a Maraɗi, sai na tarar an jibge yashi da bulo a ƙofar gidan fatoman nan da muka tashi muna wasa a zaurensa. Na tambayi baba mai goro da ke zama a gefen, ya ce: "Ɗana, magada sun raba gado, wanda ya saya kantuna zai jera." Tun jiyan abin ke cina.

Na san yaran yanzu da yawa ba su taɓa jin kalmar fatoma ba. Shi ne mai saukar da fatake. Baƙo ya taso daga Kano ko Damagaram ko Agadas da goro ko gishiri ko bisashe, kai tsaye gidan fatomansa yake nufa. A ba shi ɗaki, a ɗaure masa dabbobi a bayan gida, matan gida su aiko da fura tun bai gama kwance kaya ba. Kuɗin kwana babu. Abin da fatoma ke ci la'ada ce in ciniki ya faɗa, don shi ke nemo mai saye, shi ke yin tafinta in baƙon Buzu ne, shi kuma ke lamuni in an ba da kaya bashi. Mai saye ya ɓace, fatoma za a riƙe. Saboda haka uba ya sauka a gida shekara talatin, ɗansa ya zo ya sauka a ɗakin nan dai, har a kai ga auratayya.

Abin da ya fi damuna shi ne mu a Maraɗi ba mu da tsofaffin gine-gine da za mu yi facaka da su. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin da Katsinawa suka kafa a fadama, aka hauro tudu aka sake gari. Gidajen da aka gina bayan haurowar nan su ne tsofaffinmu. A irin zaurukansu aka yi cinikin gyaɗar da ta tsayar da Alhazan Maraɗi da ƙafafunsu, kafin farin shekarun 1970 ya karya noman. Zauren da nake magana kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu, ka shiga da tsakar rana a watan bazara sai ka ji sanyi kamar bakin randa. Har yau ga dakalin da maigidan ke zama, ya yi santsi don zama.

Kada wani ya ce ban san halin da ake ciki ba. Magada suna da haƙƙinsu, gidan ƙasa yana cin yaɓe duk shekara, kuma da yanayin tsaron da ake ciki wajen iyaka ba kowa zai buɗe wa baƙon dare ƙofa ba. Ɗan kasuwar yau ma in ya taso daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa, ya gama cinikinsa ya koma kafin magariba. Duk na yarda.

Amma zaure guda nawa ne filinsa? A ja kantunan ta gefe, a bar shi tsaye da ɗakunan baƙi biyu na farko. Alhazan da kakanninsu suka yi arziki a kan dakalin nan, kuɗin yaɓensa bai kai abin da suke kashewa a biki ɗaya ba. Mairi, wato ma'aikatar magajin gari, ma tana iya sa baki, tunda ita ke ba da izinin gini. Sai mu je otel mu tarar an rataya ƙwarya da faifai a bango wai al'ada, alhali inda aka yi al'adar ga shi ana jiran birkila ya sa masa diga.

Baba mai goro ya ce bayan Sallah za su fara. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan je da yarana su gan shi. Wanda kakansa ya taɓa sauka a gidan, ko yake da lambar wanda ya saya, ya yi mini magana.