Wanda ya ɗinke bakin Deadpool bai san shi ba

Har yanzu raina bai daina ɓaci ba kan musun daren jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura. Waɗanda suke wurin sun san inda aka tsaya. Wai a ce mutum ya kalli X-Men Origins: Wolverine na 2009 daga farko har ƙarshe, ya miƙe ya ce ai fim ya yi kyau, mu masu karanta littafin zane ne muka cika ƙorafi. Haba ɗan'uwa!

Deadpool na littafin zane fa ake magana, wanda aka saka a wannan fim. Tun fitowarsa a littafi a 1991, abin da aka san shi da shi baki ne. Yana faɗa yana surutu, ana harbinsa yana tsokana, har mai karatu yakan juyo ya yi wa magana. Shi aka kama a fim aka ɗinke wa baki, aka sa takubba suna fitowa daga hannunsa, idonsa na feshin wuta. Kamar ka gayyato maroƙi biki ne ka ce kada ya kuskura ya buɗe baki. To me ya zo yi?

Sunan kawai masu shirya fim suke saye, halin su jefar. Magana ta ke nan, kuma ba zan janye ta ba. Sun san sunan zai jawo mu, shi ya sa suke manna shi a kan wani mutum daban. Catwoman ta 2004, ko sunanta na littafi, Selina Kyle, ba su bar mata ba. Galactus, ƙaton da ke cinye duniyoyi, a fim ɗin Fantastic Four na 2007 gajimare aka mayar da shi. Gajimare!

Kada wani ya sake ce min ai fim daban littafi daban. Kowa ya san haka. Wolverine na littafi gajere ne, Hugh Jackman da ya fito a matsayinsa a fim dogo, wa ya damu? Zafin ran yana nan, kaɗaicin yana nan, shi ya sa muka karɓe shi hannu bibbiyu. Ka canza riga, ka canza tsayi, ka gajarta labari, duk mun yarda. Hali ne ba a taɓawa. Masu cewa kasuwa ake bi kuma su duba fim ɗin Deadpool na 2016: Ryan Reynolds ɗin da ya fito a matsayinsa a 2009 dai aka dawo da shi, aka bar masa bakinsa, fim ya tara sama da dala miliyan 700.

Wallahi abin yana min ciwo ne saboda ƙannenmu. Yawancinsu ba su taɓa riƙe littafin ba, fim ɗin da aka tura musu a waya shi ne iliminsu gaba ɗaya. Mai zane ya ɓata shekaru yana gina mutum shafi bayan shafi, a rushe shi cikin awa biyu, yaro ya tashi yana zaton haka yake. Ban ga laifin Alan Moore, marubucin littafin Watchmen, ba da ya ƙi a sa sunansa a fim ɗinsa.

Af, matasanmu masu zane na Daura, ina kuke? Ga Bayajidda, ga Daurama, ga macijin rijiyar Kusugu da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ran Juma'a. Ku zana mana shi littafi guda mai kyau, da Hausa, mu za mu saya. Kuma don Allah ku je ku ga rijiyar da idonku kafin ku ɗauki alƙalami.