Abin da mai haɗa layi ya faɗa mini a Bremen

Mako uku ke nan maganar ma'aikacin da ya zo haɗa mini layin intanet tana ci mini rai, shi ya sa na zauna in rubuta.

Na tare a sabon gida a nan Bremen, arewacin Jamus, hawa na uku a wani tsohon bene. Ku da kuke gida sai an ba ku labari za ku yarda da abin da ake sha kafin intanet ya shiga ɗakin haya a ƙasar nan. Ba shago za ka shiga ka sayi sim ka jefa a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ka kama aiki ba. Yarjejeniya za ka sa wa hannu, galibi ta wata 24, sannan ka koma jiran wasiƙa. Wasiƙa fa ta takarda, da ake jefawa a akwatin ƙarfe na bakin ƙofa, kuma in ba ka manna sunanka a jikin akwatin ba, mai kawowa ya juya da abarsa. A cikinta ake rubuto maka sunan shiga da kalmar sirrin layinka. Sai a sa maka ranar da ma'aikaci zai zo, a ce tsakanin safe da la'asar, ka ɗauki hutu a wurin aiki ka zauna zaman jiransa. In ya zo kuma sai an nemo mai kula da benen ya buɗe ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a ratsa kekunan maƙwabta da tsofaffin kujeru, can a lungu a tarar da wani akwati mai launin toka cike da siraran wayoyin tagulla. Har gobe gidaje da yawa a Jamus ta tsohuwar wayar tarho intanet yake shigo musu.

Akwai abin da ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Tun 1 ga Agustan 2016 doka ta ba kowa damar amfani da rautar da ya ga dama, kuma dole kamfani ya miƙa maka bayanan shiga. Yawancin mutane ba su damu da wannan dama ba, wata rauta mai suna Fritz!Box suke saya, su soka waya, ita ta ƙarasa sauran. Ni kuwa ina da wata 'yar kwamfuta marar fanka mai ramin waya huɗu, na zuba mata wata manhaja mai suna OPNsense don ta zame mini katangar tsaro. Aikinta aikin zaure ne: wanda ya zo daga waje ba a kira shi ba, nan zai tsaya, in na cikin gida ne ya yi aike, a bar amsar ta wuce.

Ma'aikacin ya gama nasa, fitilar modem, na'urar da ke karɓo intanet daga wayar tarho, ta daina ƙiftawa ta tsaya cak. Na haɗa ramin WAN, wato na waje, da modem, ramin LAN, wato na cikin gida, da kwamfutata, na shiga shafin saita na'urar a 192.168.1.1, na zaɓi PPPoE, wato hanyar shiga layin kamfani da suna da kalmar sirri, na kwafe abin da ke cikin wasiƙa harafi bayan harafi. Shiru. Na sake, shiru. Yana ɗaure igiyar takalminsa a bakin ƙofa na tambaye shi cikin ladabi ko akwai abin da na manta. Ya leƙo ya kalli na'urar, ya kalle ni, ya tambaye ni daga ina na zo. Na ce Najeriya. Sai ya ce nan ba kamar can ba ne, a nan komai da tsarinsa, in je in sayi irin wadda kowa ke saya in bar abin da ya fi ƙarfina. Ya ɗauki jakarsa ya sauka.

Na san ba aikinsa ba ne saita mini na'ura, layi aka aiko shi ya haɗa kuma ya haɗa. Da ya ce bai sani ba, ko ba shi da lokaci, wallahi da ban riƙe shi ba. Wannan "can" ɗin ne ya tsaya mini a wuya.

Bayan isha'i na kira ƙanena a Gusau. Yana da ɗan shago a Tudun Wada, yana buga takardu, yana cike wa ɗalibai fom, yana sayar wa samarin unguwa tikitin intanet na awa. Bai taɓa hawa jirgi ba. Ina jin ƙarar janareta a bayansa ya ce, "Yaya, lafiya da daren nan?" Na kwashe duka na faɗa masa. Ya ce, "Mi ta ce maka? Ta ce kalmar sirri ba daidai ba, ko ko shiru ta yi?" Na duba bayanan da na'urar ke rubutawa, na ce tana ta aika kira ne babu mai amsawa. Ya ce, "To ba kalmar sirri ba ce. Da ita ce, da an amsa sallamarka sannan a kore ka. Kai ba a ma ji sallamar ba, ba ta ƙofar da suke saurare ka shigo ba. Nemi lambar VLAN da kamfanin ke aiki da ita."

VLAN lamba ce da ake liƙa wa saƙo don a san ta ƙofar da zai bi, ta kamfanina kuwa bakwai ce. Na ƙirƙiri VLAN mai lamba 7 a kan ramin WAN, na ɗora PPPoE a kanta, kafin in ajiye waya adireshin intanet ya fito, layi ya tashi. Ya ƙara da cewa in tabbatar MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙon da layi ke ɗauka a lokaci guda, tana kan 1492, domin PPPoE tana cin 8 daga cikin 1500, in ba haka ba wasu shafuka za su buɗe rabi su maƙale. Duk maganar ba ta kai minti goma ba, har da gaisuwa.

To ina so a gaya mini, wa ya san aikin nan? Wanda aka miƙa wa na'urar da ta san komai tun daga masana'anta, ko wanda kullum sai ya yi dabara kafin shagonsa ya buɗe? Ƙanena sim biyu yake riƙe da su na kamfani daban-daban, kowanne a rautarsa, ya haɗa su a MikroTik, wannan 'yar na'urar ta ƙasar Latbiya da ta cika shagunan intanet na wajenmu, ya saita ta yadda in sabis ɗin ɗaya ya faɗi za ta koma ɗayan ba tare da mai cike fom ya sani ba. Shi ya koya mini cewa in rautar waje da ta ciki suna raba adireshi iri ɗaya, to rikici ne, dole ka canza wa ɗaya. Shi ya gano wa wani mai kantin magani dalilin da ya sa ba ya iya kallon kyamarar shagonsa daga gida: adireshin da layin ya ba shi ya fara da 100.64, ma'ana shi da jama'a da yawa suke raba ƙofar fita ɗaya, babu yadda na waje zai same shi kai tsaye. Ga ɗaukewar wuta, ga lissafin batir da sola, ga ƙurar hunturu da ke toshe na'ura, ga tsawar damina da ke ƙona ramin waya. Da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ba a daɗe ba yaranmu suka san yadda ake mayar da rautarsa gefe a ɗora tasu a gaba. Babu wanda ya aiko musu wasiƙa.

Muna da namu laifin, na sani. Sau nawa na shiga ofis a gida na tarar an bar rauta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kwali? Sau nawa ake sayen na'ura a shekara biyar ba a sabunta manhajarta ba? A 2018 an gano wata kafa a manhajar MikroTik da ɓarayin intanet suka bi suka shiga na'urori masu ɗimbin yawa a duniya, kuma kamfanin ya fitar da gyara, amma sai wanda ya sauke gyaran ya tsira. A nan Jamus kuma tun da na zo ban ga an ɗauke wuta ba, in an ce layinka zai tashi ranar Talata, mafi yawan lokaci yana tashi. Wannan duk gaskiya ne. Amma tsari daban, sani daban. Tsarin nan gadonsa mutumin ya yi, ya tarar da shi a shimfiɗe. Ku ɗauke shi ku ajiye a Ƙauran Namoda da sim biyu da batir ɗaya a watan Afrilu, a ga ko zai kai azahar. Ni dai in za a ce in zaɓi wanda zai riƙe mini layi, na gida zan ɗauka, ko sau nawa aka tambaye ni.

Kuma akwai abin da ma'aikacin nan ba zai taɓa sani ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Ina nan ƙasar a lokacin, a wani ɗakin daban, intanet ɗina lafiya lau, da sauri kamar walƙiya, amma babu wanda zan kira. Kullum da asuba sai na danna lambar Inna, alhali na san ba za ta shiga ba. Ƙanena ya ce mini daga baya yakan buɗe shago ya kunna komai, fitilun ciki su kama, ramin WAN ya zauna babu adireshi, ya share ƙura ya kashe ya rufe. Duk iyawarsa ba ta da amfani a makonnin nan. Sai da ya shiga mota ya fita daga jihar, a hanyar da kowa ya san halinta, kafin ya turo mini muryar Inna da ya naɗa a wayarsa. Ba ta kai minti ɗaya ba. Cewa take suna lafiya, in daina damuwa, in riƙa cin abinci. Tana nan a wayata har yau, na canza waya sau biyu ina kwashe ta.

Daren nan da layin Bremen ya tashi, na ce wa ƙanena ya faɗi abin da zan aiko masa. Ya ce ba ya son komai. Sai ya yi shiru kaɗan, na ji ya rage murya ya ce, "Yaya, Inna na tambaya ko bana za ka yi babbar salla gida." Na ce masa ina duba kuɗin jirgi.