Dodon Loch Ness da macijin Kusugu

Wani Bature da muke aiki tare a nan Sikotland ya tambaye ni ko mu ma muna da dodo irin nasu. Na zauna na ba shi labarin macijin Kusugu tun daga farko. Da na gama sai ya ce, "Ai wannan almara ce kawai." Maganar ta sosa min rai, domin kofin shayin da ke hannunsa hoton Nessie, dodon da suke cewa yana tafkin Loch Ness, ne a jiki.

Loch Ness tafki ne a arewacin ƙasar, tsawonsa kusan kilomita 37, zurfinsa ya haura mita 200, ruwansa baƙi wuluk, ko hannunka ka tsoma da nisa ba za ka gan shi ba. A ƙauyen Drumnadrochit akwai gidan baje koli sukutum na dodon. Jiragen ruwa na ɗibar baƙi a cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, kowa ya ƙura wa ruwa ido, waya a hannu. Shaguna kuwa maƙil da koren dodon roba mai dogon wuya.

To, ina asalin abin? Akwai tsohon labarin wani malamin Kirista, Columba, da aka ce ya kori wata dabba a kogin Ness a ƙarni na 6. Amma dodon da duniya ta sani a 1933 aka haife shi, lokacin da wata jaridar Inverness, birnin da ke kusa da tafkin, ta buga cewa an hango wani abu a ruwan. A 1934 jaridar Daily Mail ta fitar da wani hoto da ya shahara, na kai da dogon wuya a saman ruwan. Sai a 1994 asiri ya tonu: jirgin ƙarƙashin ruwa na wasan yara ne aka liƙa wa kai da wuya. A 2018 masana suka bincika ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan, ba su samu alamar dodo ba. Duk da haka kasuwa ba ta ci baya ba.

Na yarda sun iya tattalin abinsu, ba na hana su wannan. Amma rijiyarmu ta Kusugu tana nan a Daura, ana shan ruwanta har gobe. Labarin Bayajida da Daurama shi ne ke ɗauke da asalin Hausa Bakwai da sarautunsu, ba jarida ce ta ƙirƙiro shi don a sayar da kofi ba. Mu ne dai muke jin kunyarsa, wasu su ce camfi ne, wasu su ce ba tarihi ba ne, har muka daina faɗa wa yara.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ke nan. 'Yata ta zana Nessie a makaranta, ta san sunansa da garinsu. Da na ce mata "Ga ta nan, ga ta nanku," shiru ta yi tana kallona, ba ta san ana amsawa ba. Mu a gidanmu a Katsina, kakarmu ba ta rufe baki muke haɗa murya mu ce ta zo mu ji ta. Hutun da ke tafe Daura zan kai ta in Allah ya yarda, ko da kuɗin jirgin zai cinye ajiyar shekara.