Bakteriya na cin ɗanyen mai, amma ba da saurin da ake tallatawa ba

Duk lokacin da mai ya malala a teku, sai ka ji ana cewa a kwantar da hankali, bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, za su cinye shi. Ko a zaman hirar 'yan'uwanmu da ke aiki a Dammam da Jubail, a Saudiyya, ana yawan faɗin haka. Gaskiya ne akwai masu cin man, irin su Alcanivorax da ke rayuwa a ruwan teku. Sai dai gaɓar Saudiyya da ke kusa da mu ta isa ta sa mutum ya yi taka-tsantsan da wannan magana.

A Janairun 1991, lokacin yaƙin Kuwait, sojojin Iraƙi suka saki miliyoyin gangunan mai cikin Tekun Fasha, ya mamaye gaɓar Saudiyya tun daga Khafji har tsibirin Abu Ali. Inda igiyar ruwa ke duka, man ya ragu da wuri. A fadamun gishiri kuwa ya gangara cikin ramukan ƙaguwa, samansa ya daskare ya zama kwalta, iska ta daina shiga. Bayan fiye da shekara 10 masu bincike na haƙawa suna tarar da shi a ƙasa. Bakteriyar suna wurin, numfashi ne babu.

Tun shekarun 1940 Jacques Monod, wani masanin kimiyya Bafaranshe, ya nuna yadda suke hayayyafa. Da farko sukan yi jinkiri kafin su saba da abincin, sannan su riƙa ninkawa, daga baya su tsaya. Ƙarin abinci yana ƙara musu sauri, amma zuwa wani iyaka kawai. Kamar injin markaɗe ne: ko buhu goma ka zuba, abin da zai iya shi zai niƙa. Ga shi mai in ya yi yawa yakan zame musu guba. Kuma man kusan duk kabon ne, babu isasshen naitirojin da fosfaras ɗin da suke buƙata, shi ya sa aka zuba taki a gaɓar Alaska bayan hatsarin jirgin dakon mai na Exxon Valdez a 1989.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauko alƙaluman ɗakin gwaji a yi alkawari da su. A can kwalba ce ana girgiza ta dare da rana, ga iska, ga taki, zafi a daidaice. Laka mai gishiri a tsakiyar zafin Agusta ba ta san wannan gata ba. Sassan man masu sauƙi bakteriyar suke fara ci, masu kaurin nan su bar su shekaru.

Don haka in kamfani ya zo da hodar bakteriya a leda yana cewa wata uku an gama, a tambaye shi a wace ƙasa ya gwada, da wane gishiri, kuma ta ina iska za ta shiga. Da aka tashi gyaran gaɓar Saudiyyar nan da kuɗin diyyar Majalisar Ɗinkin Duniya, babban aikin shi ne haƙa magudanan ruwa da kafce ƙasar, domin bakteriyar da ke wurin tun asali su samu iska su yi aikinsu.